Jiran kwana 30 kafin bashin karatu ya fito a Amurka

Alhajin Aboabo: Salamu alaikum. Ɗan ƙanena ya shiga jami'a a Amurka, an ce sai bayan kwana 30 da fara karatu bashin gwamnati zai fito. Haka dokar take?

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam, Alhaji. Haka take ga ɗan shekarar farko da bai taɓa karɓa ba. Amma makarantar da ɗalibanta masu kasa biyan bashin ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba, shekara uku a jere, an ɗauke mata jiran.

Hajiya: Izini ne fa, ba dole ba, wasu makarantun suna jinkirtawa duk da haka. Ya tabbatar ya sa hannu a takardar alkawarin biya, nan ake yawan maƙalewa.

Malamin Asawase: Kuma kuɗin makaranta ake fara cirewa, ragowar ta iso masa cikin kwana 14. A tanadar masa kuɗin hayar watan farko.