Zara da Gamzaki: abu ɗaya ne ko biyu?

Malamin kimiyya, Samaru: Assalamu alaikum. Na koya wa ɗalibaina cewa Zara matar wata, wadda ake gani a yamma bayan magariba, ita ce Gamzakin da ke fitowa a gabas da asuba, kuma duniya ce mai kewaya rana, wadda Larabawa ke kira Zuhra. Wani uba ya aiko cewa ina rikita masa yaro, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Dattijo, Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Tun ina saurayi nake fita masallaci kafin assalatu, kuma akwai daren da na ga Zara da magariba, na wayi gari na ga Gamzaki. Abin da ya faɗi bayan rana, ta yaya zai riga ta fitowa?

Malamin kimiyya: Baba, hujjarka mai ƙarfi ce, kuma idonka bai yaudare ka ba. Zuhra ta fi mu kusa da rana, tana gama kewaya ta cikin kwana 225, don haka ba ta taɓa nisanta da ita a sama fiye da digiri 47. Takan yi kimanin wata takwas a yamma, ta ɓuya kwanaki kaɗan, sannan ta ɓullo a gabas, kuma zagayen yana maimaituwa duk bayan kwana 584. Abin da ka gani da asubar nan, mafi rinjaye Mushtari ne, wata duniyar mai kewaya rana da Turawa ke kira Jupiter, domin shi ke bi mata a haske.

Ɗaliba, Kongo: A gafarce ni, iyayena. Malam ya yi daidai kan Zuhra, domin tun 1610 Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya hange ta da madubin hangen nesa tana cika tana raguwa kamar wata, alamar hasken rana take arowa. Amma idan mutanenmu suna kiran duk babban hasken asuba Gamzaki, to a wannan daren Baba abu biyu ya gani, kuma bai kamata a ce wa yara sunayen nan ma'anarsu ɗaya a kullum ba.

Malamin kimiyya: Na karɓi gyaran, zan kuma bayyana shi a aji.

Dattijo: Madalla, 'yata. Ni kuwa, Malam, sai ka kawo madubin nan ƙofar gidana na ga raguwar Zara da idona kafin na sallama.