Gidan Winchester: shawarwarin waɗanda suka je suka gani

Waɗanda suka ziyarci gidan sun fi yin ittifaƙi kan abu guda: ka san tarihin gidan kafin ka shiga, don masu yi wa baƙi jagora sun fi son labarin fatalwa. Gidan yana San Jose, jihar Kalifoniya. Sarah Winchester, matar magajin kamfanin bindigogin Winchester da ya rasu a 1881, ta shafe shekaru tana gina shi; ta mutu a 1922. Ɗakuna wajen 160 ne.

Ana cewa wata boka ce ta umarce ta da kada ginin ya tsaya, wai don fatalwoyin waɗanda bindigar ta kashe. Masana tarihi ba su sami hujjar hakan ba, ni ma ban gamsu ba. Girgizar ƙasa ta 1906 ta rushe benayen sama, kuma wannan ya bayyana wasu ƙofofin da in an buɗe su babu komai a bayansu sai iska. Matakalan gidan masu gajeren tudu kuwa, ciwon gaɓoɓi ne ya sa ta yi su.

Sauran shawarwarin: sa takalmi mara tsini, kuma kada ka rabu da ayari, lungunan suna ɓatar da mutum.