Musayar Waƙa: Peter Pan, Mai Yanka da Dariya

Ɗan Fagge:
Jama'a, yau na ɗauko Peter Enahoro, mai shafin Peter Pan a Daily Times, ɗan garin Uromi a jihar Edo, ƙanen Anthony Enahoro. Ya shiga gidan jaridar a titin Kakawa na Legas a 1955, ya zama edita a 1962. Babban amsa-amo "ba". Mai ƙarfi ya biyo.

Na Uromi, alƙalaminka ƙaya,
Ka soki minista yana dariya,
Sai ya je gida ya ga jini a wuya,
Ya ce wa ya yanke ni ban sani ba?

Ashirin yake ya shigo Kakawa,
Da ashirin da bakwai ya gama hawa,
Edita guda, manya na gaisuwa,
Wa ya taɓa haka in ba shi ba?

Na-Zazzau:
Bakano, ina ka san karatun jarida?
Ka dai san ta in za a ƙunshe gyaɗa,
Gwanin naka sittin da shida ya bar gida,
Da jin takun soja bai tsaya ba.

Mu namu Candido ya tsaya Kaduna,
A New Nigerian, bai faɗin suna,
Gwamna ya karanta ya kasa barcin rana,
Kuma bai taɓa neman biza ba.

Hajiya Mai Tsinke:
Allah ya ja zamanin Zazzau! Kanawa, a nemo ruwa a yayyafa wa Ɗan Fagge.

Ɗan Fagge:
Hajiya, da ma can kin zaɓi gefe.

Mai rufe fuska shi ne jarumi?
Ya yi jifa ya laɓe bayan turmi,
Nawa kowa ya san shi, ɗan Uromi,
Ba a yi cigiyar mai shafin ba.

Juyin mulki biyu a shekara ɗaya,
Janairu da Yuli, harsashi kuwa ba ya tsayawa tambaya,
Gudun tsira da rai ai ba kunya,
Gawa ba ta taɓa cika shafi ba.

Malam Arulli:
Ku dakata. Na-Zazzau, "jarida" da "gyaɗa" ba su amsa juna ba, da daban, ɗa daban. Kai kuma Ɗan Fagge, ɗangonka na Janairu da Yuli ya kwashi gaɓoɓi fiye da kima, ja da ciki yake.

Na-Zazzau:
Allah gafarta Malam, waƙa da kunne ake auna ta. Rera ka ji.

Malam Arulli:
Na rera. Harshena ne ya yi tuntuɓe.

Ɗan Fagge:
Nawa dai tsawo ya yi, na taubashina kuwa lanƙwasa ce ta gagare shi. Kano 1, Zariya 0.

Na-Zazzau:
Kai da ɗangonka ya tashi daga Fagge bai tsaya ba sai Kwanar Dangora?

Malam Arulli:
Kuma "tambaya" da "kunya" ma akwai magana.

Baƙon Damagaram:
Salamu alaikum, intanet ne ya riƙe ni. Kun tsaya kan ɗa da da, kun bar mutum a filin jirgi.

Ya sauka Kolon, a Muryar Jamus,
Shekara goma can, bai ce ya yi murabus,
Ya wuce Landan, aiki bai zama lamus,
Africa Now ya kafa, bai huta ba.

A 1981 ke nan. Littafinsa na ba'a, How to Be a Nigerian, tun 1966 ya fito, ya zolayi ɗan ƙasa kan surutu da son girma. A Landan ɗin ya rasu, Afrilun 2023, yana da shekara 88.

Malam Arulli:
"Lamus" ɗin nan da ƙarfi aka jawo shi.

Hajiya Mai Tsinke:
Malam, a yi haƙuri a bar mu mu sha iska. Ɗan Fagge ƙanena, ga taka:

Ka yabi gwaninka, ka tsallake magana,
Tis'in da shida, Abacha ne ke zamani na, 
Ya ce ga Daily Times, riƙe min, ɗan gida na,
Mai gudun sojan jiya bai ƙi ba.

Na-Zazzau:
Ayyururui! Ko ɗangon ya karye, maganar ba ta karye ba. A 1996 aka ba shi riƙon kamfanin, ka musa.

Ɗan Fagge:
Ban musa ba, Yaya Hajiya.

Gidan da ya raine shi ne ke rushewa,
Aka ce zo ka tallafa, sai ya ƙi zuwa?
Candido naku, wa ke masa biyan kuwa?
Ba baitulmalin gwamnati ba?

Na-Zazzau:
Zan dawo maka bayan la'asar, caji ya ƙare.

Malam Arulli:
Kafin ka tafi, waye zai gyara wa Hajiya "zamani na"? Kalma ɗaya ce aka raba don neman amsa-amo, ni ban yarda ba.