'Yan fiziks na Kano, ya kuka ƙare da kwantam Hol?

Ɗan Gwammaja: Salam jama'a. Furojet ɗina a kan kwantam Hol ne, wato yadda turjiyar lantarki (yadda abu ke turje wa wucewar wuta) ke canzawa a cikin maganadisu mai ƙarfi, difens saura sati biyu. Na san labarin von Klitzing, Bajamushen da ya gano abin a Girenobul ta Faransa a 1980 har ya ci Nobel a 1985, amma me ya sa in ana ƙara ƙarfin maganadisu turjiyar take hawa kamar matakala maimakon ta miƙe sambal? Ku da kuka wuce nan ku agaza.

Maman Hanif: Hhhh ɗan'uwa ni ma na sha wannan. Mu a lab ɗinmu Hol na gargajiya kawai muka taɓa yi, na Edwin Hall na 1879, inda maganadisu ke karkatar da wutar da ke bin ƙarfe zuwa gefe guda, ɗan maganadisu da mita, muna tsaka da ɗaukar lamba aka ɗauke wuta, janareto kuma ba mai. Na kwantam ɗin kuwa sai a takarda, don yana son sanyi kusa da sifilin Kelbin, wato ƙarshen sanyi, da maganadisu mai ƙarfin tesla goma sha wani abu, mu da ko firij ɗin sashe ba ya ƙanƙara.

Malam na Kabuga: Ɗalibaina da sahun sallah nake musu bayani. Elektiron ɗin an matse su a shimfiɗa siririya ba sama ba ƙasa, maganadisu ya sa suna ta zagaye, kuzarinsu ya rabu sahu-sahu, matakan Landau ke nan. Sahu ya cika, turjiya ta tsaya cak a 25,812.807 om raba da adadin sahun da suka cika. Abin da ya fi ɗaure min kai ina ɗalibi shi ne wai dattin samfurin ne ke riƙe ragowar elektiron ɗin, shi ya sa matakalar take da faɗi.

Injiniya Sabon Gari: Ni a difens ɗina malamin da ya zo daga waje ne ya ƙure ni, ya ce to matakalar 1/3 ɗin sahu da masana Tsui da Störmer suka gani a 1982 fa, elektiron na tsaguwa ne? Wallahi gumi har cikin takalmi. Ashe wani masani Laughlin ya amsa tun 1983, taron elektiron ɗin ne ke zama kamar ruwa, motsin cikinsa ya ɗauki sulusin caji. Haddace wannan tun yanzu.

Ɗan Gwammaja: Allah ya saka. Malam zan ari sahun nan, in ya so gobe bayan la'asar in biyo Kabuga da takarduna.