Firem biyu na gani, wanne zai iya da rairayin hanyarmu?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Tsadar mai ta sa na jingine babur. Daga Daura nake zuwa aiki wani ƙauye bayan Sandamu, rabin hanya kwalta, sauran rairayi da kwazazzabo ɗaya mai hawa. Na ga kekunan gwanjo biyu irin na hawan dutse, duka taya inci 29, kuma so nake a cire giya a bar mani ɗaya, haƙora 32 gaba, 18 baya. Na farko wuyansa, wato gaban firem inda kan keke ke shiga, a kwance, digiri 67, daga tsakiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya milimita 425. Na biyu wuya a tsaye, 70, bayansa 445. Wanne zai fi bin hannu?

Alhaji Tsohon Dillali: Wa alaikumus salam. Malam, nemi Phoenix ka huta. Da shi muka yi shekaru muna kai buhun gero Mai'adua.

Ɗan Kofar Sauri: Baba, Phoenix na kaya ne, shi rairayi ya tambaya. Malam, ɗauki na farko. Mai giya ɗaya ba wata giya mai sauƙi da za ka koma, a hawa dole ka miƙe tsaye, nauyinka ya koma gaba. Gajeren baya yana ajiye tayar a ƙarƙashinka, ta kama ƙasa maimakon ta riƙa ƙwaƙule rairayi. Wuyan 67 yana tura tayar gaba nesa, a gangara lafiya lau, sai dai in kana tafiya a hankali kan yakan langaɓe gefe. Na 70 ya fi saurin juyi a lungu, amma yana son nutsa kai a yashi. Kuma duba inda tayar baya ke zama: in ramin a tsaye yake, ba za ka iya ja da kaca ba sai an ƙara abin ɗaure ta.

Baban Ilham: Ku bar maganar digiri, ku duba walda. Bara na sayi keke dubu 140, bakanike ya sa mani dogon fok mai shok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ya ce zai fi laushi. Wata biyu ina gangarowa da ɗana a baya, na ji ƙas! Wuyan ya rabu da firem. Ashe tsohuwar walda ce aka shafe da fenti. Na karye a wuyan hannu, haƙorana biyu suka fita, yaron Allah Ya kiyaye shi da ƙujewa kawai. Na koma wurin mai kayan, ya ce shi bai san zancen ba. Har yau ba na iya ɗaga bokiti da hannun dama.

Malamin Firamare: Subhanallahi. Allah Ya ƙara sauƙi, Yaya.

Mai Faci: Dubu 140? An cuce ka tun a ciniki. Irinsa 85 ne.

Ummu Sadik: Wane 85? Makon jiya a Katsina aka ce wa maigidana 190, ba ragi.

Ɗan Kofar Sauri: Yaya, fok ɗin ma da laifinsa. Ƙarin tsawon milimita 20 yana kwantar da wuya kusan digiri ɗaya, ya ƙara masa nauyin da ba a yi shi don shi ba. Firem ɗin alminiyam kuma in aka yi masa walda, wurin yana rauni.

Mai Faci: Yaro, shekara 25 ina riƙe da sifana. Kai a waya ka karanta. Ka taɓa ɗaure sifok ɗaya?

Baban Ilham: To ai mai sifana ne ya sa mani fok ɗin.

Na Gwaggo: Malam, jaki fa ba ya neman kaca, kuma wuyansa kullum a digirin da ya ga dama yake.

Ummu Sadik: Ni dai tsidau ne damuwata. Yarona sau uku ya yi faci a mako guda.

Mai Faci: Hajiya, laifin tib ɗin yanzu ne, siriri kamar leda. Ka liƙe nan, ya ɓalle wajen bawul. Mu ake zagi, alhali ba mu muka shigo da shi ba.

Alhaji Tsohon Dillali: Shi ya sa na ce Phoenix.

Malamin Firamare: Mai na 67 ya ba ni zuwa Juma'a. Ramin bayan nasa a tsaye yake. Abin ɗaure kacar ana samunsa a Daura, ko sai Katsina?

Mai Faci: Kwalin tib ɗin da na saya jiya ma, huɗu a ciki tun a shago suke sacewa.