Wace kalma za mu ba "quelites" da Hausa?

Jama'a, a taya ni. Akwai wani abincin mutanen Meziko da na taɓa ci, wake ne a cikin romo da ganye, ana haɗawa da gurasar masara. Da na kwatanta shi aka ce min sunansa "frijoles con quelites". Frijoles dai wake ne, ko da yake ba irin namu mai hanci ba, nasu baƙi ne ko mai zane-zane. Quelites ɗin ne ya tsaya min a wuya.

Asalin kalmar daga harshen Nahuatl na Aztek (mutanen Meziko na dauri) ne, "quilitl". Ba sunan ganye ɗaya ba ne. Duk ɗanyen ganyen da ake ci, galibi wanda ke tsirowa da kansa a gonar masara da wake da kabewa, sunansa ke nan. Manomi kan gan shi lokacin noma ya ƙyale shi, don ya san tukunya zai shiga.

Wata yayata ta ce a ce alayyafo kawai a huta. Yaya, kin yi rabin gaskiya: "quintonil" nasu ɗan gidan alayyafo ne da zaƙi-banza. To "verdolaga" fa, wanda mu ke kira fasa-ƙaba? Da "epazote" mai ƙamshi da suke jefawa cikin baƙin wake? Alayyafo ba zai ɗauke su duka ba.

Wani malami ya kawo "ganyen miya". Allah gafarta Malam, da ka faɗi haka hankalin Bahaushe kuka da karkashi zai tafi, su kuwa sau da yawa soya shi suke da albasa da barkono, babu tuwo a kusa. "Ganyen daji" ma bai zauna ba, tunda a cikin gona yake fitowa. An ce "ganyen kwaɗo", ya burge ni, sai dai babu ƙuli-ƙuli a nasu.

Ni dai na fi karkata ga "ganyen damina". Da ruwa ya sauka yake fitowa a can, kamar yadda tafasa da lalo da gasaya ke yi mana a nan. Abincin kuma mu ce "romon wake da ganyen damina", ba fate ba, domin waken ba ya narkewa.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka fi mu cin ganyen nan, ko kuna da suna guda da ya tattara su?