Asake sun yi mini yawa: wanne zan riƙe, wanne zan saki?

Jikan wanzami, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara kusan ashirin ke nan ina tara kayan aski. Abin ya faro ne daga zabirar kakana, Allah Ya jiƙansa: asake huɗu ƙirar maƙera, ƙaho biyu da dutsen washi. Daga baya na shiga sayen na Turawa, asake masu naɗewa ƙirar Solingen ta Jamus da Sheffield ta Ingila, da gidajen reza irin wanda King Gillette ya yi wa rajista a Amurka a 1904, wanda ake kwance kansa a sa reza mai baki biyu. Jiya na zube su a tabarma na ƙirga: aska 23, gidan reza 9, buroshin shafa kumfar aski 11. Ni kuwa fuska ɗaya gare ni. Bayan Sallah za mu koma gidan da bai kai wannan ba, kuma daminar bara ta cinye mini asake uku da tsatsa. Wanda ya taɓa rage nasa, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.

Tsohon malamin makaranta, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi irin wannan lokacin da na ajiye aiki. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na kulle komai a akwati, duk wanda hannuna ya nema sai in ciro shi in ajiye gefe. Daga azumi zuwa azumi, gidan reza biyu da buroshi ɗaya kawai na ciro. Sauran ashe kallonsu nake so, ba aski da su ba. Na raba wa ƙannena. Ɗaya kaɗai nake tunawa har yau, wanda na yi askin angwanci da shi. Shi kam da na sani da ban bayar ba. Ka ware wanda yake da labari kafin ka fara rabo.

Wanzami, Ƙofar Guga:
Yaya, ka raba zancen gida biyu. Na Turawa kuɗinka ne, ka sayar ko ka kyautar, ba mai tuhumarka. Zabira kuwa ba taka ba ce kai kaɗai. Da mahaifinmu ya rasu, mu shida ne maza, ni kaɗai na riƙe sana'ar. Aka so a raba asaken ɗai-ɗai don kowa ya samu abin tunawa, baffanmu ya hana. Ya ce a yi wa zabirar kuɗi cikin gado, ta faɗa kasona, ta zauna a haɗe. Da askar cikinta na yi wa 'ya'yan 'yan'uwan nan nawa askin suna, kowanne ran kwana bakwai. Da an raba, da yanzu suna ƙasan adaka sun yi ja wur. Ka fara tambaya cikin dangi ko akwai yaron da ke koyo. In babu, ka je wurin Sarkin Aska, shi ya san wanda zai riƙe ta da daraja.

Maganar tsatsa kuma, baƙin ƙarfe ne, ba ya shiri da danshi. Ka goge askar ƙarƙaf bayan aski, ka ɗiga mata man keken ɗinki, kada ka mayar da ita kube da jiƙa. Kuben fata yana riƙe ruwa.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Malam, ni abin da ya dame ni shi ne hannun da za su faɗa. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ƙwayarsa tana iya kai mako guda a kan ƙarfe tana da rai. Da na raba kayan maigidana, rezar da aka taɓa aski da ita ban ba kowa ba, na tara su a gwangwani na rufe bakinsa. Gidajen rezar na wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, na tafasa su. Mai ƙotar ƙaho ko katako ba a tafasawa, ƙotar lanƙwashewa take yi. Na yi asarar guda ɗaya a haka, sai ka kiyaye.

Ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:
Kada ka sa rai da kuɗin da ka saya. Na kai nawa wurin masu shagon aski, duk kilifa suke so. Buroshi ma ya fi wuyar fita. Biyu daga cikin nawa na gashin alade ne, ban sani ba sai da na karanta kwalinsu, kuma duk wanda zan ba sai na gaya masa. Babu wanda ya karɓa. Na gashin doki da na roba kuwa a yini guda suka tafi.

Jikan wanzami, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Daura, na bi shawararka, na ware askar Solingen guda da na fara saya da albashina na farko, da gidan reza ɗaya da buroshin doki. Zabirar kuma ɗazu na yi waya da gwaggona a Rimi, ta ce jikanta yana bin wani wanzami gidajen suna tun bara. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kai masa da kaina, in nuna masa yadda kaka yake riƙe dutsen washi.